Almakashi da Ƙullin Leda: Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga PCN da NAFDAC Daga Tsohon Yaron Kemis a Zariya

Zuwa ga Rajistaran Hukumar PCN mai kula da famasi da kemis,
da Shugabar Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna,
ta hannun ofisoshinku na Jihar Kaduna.

Assalamu alaikum. Ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da ma'aikatanku. Ni haifaffen Tudun Wada ne a nan Zariya. Yanzu koyarwa nake yi a makarantar firamare, amma kafin nan na yi shekara shida ina yaron shago a wani kemis a Sabon Gari, tun ina shara da goge kwalabe har aka fara bar mini shagon idan maigida ya tafi Kano saro kaya. Na faɗi wannan tun farko ne don ku san ba daga bakin titi nake leƙe ba. Abin da zan kawo ƙara a kai, da hannuna na aikata shi.

A duk kemis ɗin da na sani akwai wani kayan aiki da ba ya cikin takardunku, kuma shi ya fi komai shan aiki: almakashi. Yana rataye da zare a jikin kanta. Mutum zai shigo da yamma, ɗan acaɓa ko lebura ko mai tura kura, ya ajiye kuɗi ya ce, "Malam, a haɗa mini na ɗari biyar, jikina duk ya mutu." Bai ambaci sunan magani ba, ba a kuma tambaye shi ko yana da gyambon ciki ko hawan jini ba. Kuɗin ne likita. Sai a ɗauko katin farasitamol a datse biyu, a datso ɗaya daga maganin ciwon gaɓoɓi, a jefa kafso ja da yalo guda, a ƙara 'yar rawayar nan ta ƙarin jini don haɗin ya yi kyan gani. In kuɗin da ɗan auki, a saka wata 'yar fara ƙarama mai sa mutum ya wayi gari garau kamar bai taɓa ɗaukar buhu ba. A ƙulle a farar leda irin ta masu gyaɗa. "Ka sha duka bayan ka ci abinci." An gama.

To, ranku ya daɗe, ku dubi abin da almakashin nan ya yanke. Lambar rajistar NAFDAC a jikin kwali take. Ranar da magani zai yi esfaya da lambar zubin da aka yi shi suna jikin kwali, sai kuma gefe guda na katin, gefen da ya rage a shago ko ya tafi bola. Wurin kankarewar nan da kuka fito da shi a 2010, wanda ake tura lambarsa ta waya a ji ko maganin na gaske ne, mai ƙwaya biyu ba ya ganinsa. Takardar gargaɗi tana naɗe cikin kwali, da Turanci, rubutunta kamar sawun tururuwa. Duk katangar da kuka gina don kare mai shan magani, a jikin kwali kuka gina ta. Talakan Zariya kuwa ba ya komawa gida da kwali, da ƙullin leda yake komawa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yanzu, bayan shekaru da barin sana'ar, gwaggona ce, ƙanwar mahaifina. Tana zaune a cikin birni, ta haura sittin, gwiwa ta matsa mata. Wani mai kemis a unguwarsu, yaro mai ladabi da ke durƙusawa ya gaishe ta, ya riƙa haɗa mata magani. In ta sha, gwiwa ta saki, ta yi sallah a tsaye, har ta je biki. Kusan shekara biyu ana haka, duk mako jikarta na karɓo mata. Da fuskarta ta fara cika sai dangi suka riƙa cewa, "Gwaggo, hutu ya karɓe ki." Ni ma na faɗa. Ni da na san abin da ake sakawa a haɗi, ban taɓa tambayar me take sha ba. Sai da ta fara yawan ƙishirwa da fitsari, wani ɗan ƙurji a ƙafarta ya ƙi warkewa, muka kai ta asibiti aka ce suga ya hau, jini ma ya hau. Likita ta tambaya wane magani take sha. Jikar ta zaro ƙullin leda daga jaka. Likitar ta juye a tafin hannu, ta jujjuya, ta aika aka kira mai kula da magunguna na asibitin. Shi ya dubi 'yar farar ya ce yana kyautata zaton deksametason ce. Zato, ranku ya daɗe, a tsakiyar asibiti, domin ba suna, ba lamba, ba komai. Wannan ƙwaya da danginta in an daɗe ana sha suna kumbura fuska, suna tayar da suga da hawan jini, suna raunana ƙashi da garkuwar jiki. Kuma ba a yanke su farat ɗaya, domin jikin da ya saba na iya durƙushewa. Wato abin da ya kwantar da ita shi aka ci gaba da ba ta, ana ragewa kaɗan-kaɗan, har tsawon watanni.

Na je wurin yaron da niyyar faɗa. Da na dube shi a bayan kanta sai na ga kaina shekara ashirin da suka wuce, faɗan ya maƙale. Bai san illar ba. Maigidansa ya koya masa cewa wannan tana sa tsofaffi su ji daɗin jikinsu, kamar yadda nawa ya koya mini. Na ce ina lasisinka, ya ciro takardar ƙungiya da rasit ɗin harajin shago. A ransa ya cika ƙa'ida.

A takarda, doka ba ta bar komai a duhu ba. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗora wa PCN kula da duk wurin da ake harkar magani, daga babban kamfani har ƙaramin shago. Masu sayar wa jama'a kashi biyu ne. Akwai famasi, wanda dole ya kasance a hannun wanda ya karanci harhaɗa magunguna a jami'a, shi ke da ikon ba da maganin da sai likita ya rubuta. Akwai kuma mai shagon da aka ba lasisin sayar da ƙananan magungunan da ke cikin jerin da hukuma ta amince da shi, a cikin mazubinsu yadda kamfani ya rufe. Ba wurin ƙarin ruwa ba ne, ba wurin kwantar da marar lafiya a benci bayan labule ba ne, ba kuma wurin da duk wanda ya ga dama zai zare allura ba ne. Wannan bambanci ku kuka san shi. A bakin mutanen gari duka sunansu ɗaya, kemis, kuma duk wanda ke bayan kanta dakta ne. Na gwada tambayar 'yan majalisarmu ta bayan la'asar, cikinsu har da malaman makaranta irina, yadda ake gane shagon da ke da ikon sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanda ba shi da shi. Aka yi ta kallon-kallo. Can wani ya ce ai duk mai firji famasi ne.

Na san kuna fitowa. Mukan ji a rediyo cewa an garƙame shaguna kaza a jiha kaza, kuma ba na raina wannan wahala. Amma bari in gaya muku yadda ranar take daga cikin shago. Da an rufe na farko a bakin titi, kafin motar ta juya labari ya kai Muciya, ya kai Cikaji, ya haye Kwangila ya nufi Samaru. A zamaninmu 'yan acaɓa ke kai shi, yanzu waya ta hutar da su. Sai ka ga layi guda kowa ya ja ƙofa, wai ya tafi ta'aziyya. Kwalayen allura da ledojin ƙarin ruwa dama ba a shago suke kwana ba, suna ɗakin wani maƙwabci. Wanda aka kama shi ne wanda tsautsayi ya faɗa wa, ba lallai wanda ya fi ɓarna ba. Bayan kwana uku gari ya koma yadda yake. Wanda aka sa wa kwaɗo a ƙofar shago kuwa, unguwa ta san ƙofar gidansa. Mun ga irin wannan da kodin. Gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a Mayun 2018, shekarar da binciken ƙasa ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da ƙwaya, miliyan 4.6 daga cikinsu da irin su tramol. Kwalbar ta sauka daga kanta ta koma aljihu, kuɗinta ya ƙaru, ba ta ɓace ba.

Kuma unguwar ce ke neman mai kemis, wannan gaskiya ce da ba na so a tsallake. Muna da asibitin koyarwa a Shika, da Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da tsohon asibitin Wusasa. Amma matar da jikin ɗanta ya yi zafi ƙarfe sha ɗaya na dare a Dakace ko Bomo ko wani ƙauye a hanyar Giwa, lissafinta daban ne: kuɗin mashin zuwa da dawowa, layi, gwaji, da yinin da maigida zai rasa a gona. Mai kemis yana nan taku hamsin, ya san sunan yaron, yana ba da bashi har a sayar da masara. Ranar da kuka rufe shi ba ku ajiye komai a gurbinsa ba, ba Shika za ta nufa ba. Wurin mai tallar magani a faranti za ta nufa, wanda kayansa ke yini a rana a bakin tasha.

Shi ya sa nake ganin sau da yawa ana barin jaki ana dukan taiki. Yaron shago bai ƙera ƙwaya ko ɗaya ba. Wani ne ya sayar wa maigidansa katan guda na deksametason da allurai, alhali ya san shagon ba shi da hurumin riƙe su. Na bi maigidana sari ba sau ɗaya ba sau biyu ba, ban taɓa jin an tambaye shi lasisi ba. Tambayar da ake yi ita ce, mai tsadar kake so ko mai sauƙin? Don haka na yaba da abin da kuka yi a Fabrairun 2024, lokacin da bayan hukuncin babbar kotun tarayya kuka rufe shagunan magani sama da dubu a Sabon Garin Kano, kuka ce 'yan sari su koma cibiyar Dangwauro, inda ake sa ran a san asalin kowane kwali. Haka nan samamen NAFDAC na farkon 2025 a Idumota ta Legas da kasuwar bakin gada ta Onica da ta Aba, inda aka yi ta kwashe kaya a manyan motoci. Wannan kam an kama jaki.

Sai dai Dangwauro a kan titin Zariya take, kuma tambayata ita ce, wa ke bin kwalin bayan ya fita daga ƙofar cibiyar? Yana shiga but ɗin motar haya ne tare da buhun barkono, ya sha rana a hanya kafin a sauke shi a Kwangila. A jikin yawancin kwalaye an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 30. Ku zo Zariya a Maris ko Afrilu, ku shiga shagon kwano marar silin da azahar, ku ji da fatarku. Insulin na masu suga da allurar oksitosin da ake yi wa mai haihuwa don tsayar da jini, sanyi suke so, tsakanin digiri 2 da 8. Firjin shagon, in akwai, wutarsa sai ranar da aka ga dama, kuma rabinsa lemo ne da ruwan leda. Magani na gaske mai lambar NAFDAC ta gaske, in zafi ya kashe shi, ba shi da maraba da jabu a jikin marar lafiya, kuma ko sau goma aka kankare aka tura, amsar da waya za ta bayar ita ce na gaske ne. Ina roƙon tambayar farko da jami'inku zai yi in ya shiga shago ta zama, ina rasit, daga wa ka saro? Ya ɗauki rasit ɗin ya bi shi har inda ya fito. Mai sari ɗaya da aka hukunta don ya sayar wa marar hurumi ya fi shago hamsin da aka sa wa kwaɗo. Kuma jihar da ke da hukumar sayen magunguna ta asibitocinta, jihar da tun 2022 ake harba jirage marasa matuƙa daga Pambegua suna kai magani ƙauyuka, ba za ta gaza samar wa Zariya wurin sari guda mai tsabta da sanyi ba, inda mai lasisi zai saya ba sai ya yi sammakon Kano ba.

Sai kuma 'yan gidanku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan ilimi. Tun zamanin Turawa akwai makarantar horar da masu haɗa magani a garin nan, kuma Jami'ar Ahmadu Bello na yaye masana harhaɗa magunguna a Samaru. Amma sanannen abu ne a faɗin ƙasar nan cewa wasu masu lasisi na ba da shi haya. Ɗan kasuwa ya biya kuɗin shekara, a rataya satifiket a bango cikin gilashi, mai satifiket yana wani gari yana wani aiki. Sai ka shekara kana sayen magani a wurin ba ka taɓa haɗa ido da mai sunan ba. Wanda ke bayan kanta yaro ne irina na da, illa dai shi an sa masa farar riga an kunna masa na'urar sanyi. In za a rufe mai kemis na Hunƙuyi don ya sayar da abin da ya fi ƙarfinsa, to wanda ya yi rantsuwa ya kuma sayar da sunansa ya fi cancantar a fara da shi. Mai kemis yana kallon wannan, shi ya sa in kun yi masa wa'azi yake cewa faɗan kasuwa ne kawai, masu digiri ne ke son su kore shi su gaje layin.

Mu ma masu saye ba mu fita ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutumin da aka ce masa mura ce, sha ruwa ka huta, gani yake an raina shi. In ba a yi masa allura ba, ba a yi magani ba. Duk zazzaɓi maleriya da taifot ne tun kafin a ɗiga jini, alhali ɗan abin gwajin maleriya na gaggawa cikin minti ashirin yake ba da amsa. In mai kemis mai tsoron Allah ya ce ba zai yi ba, shago na gaba zai yi. Ni kaina ina ɗan shekara sha tara na fara yin allura, ilimina kallo ne kawai. Ba wanda ya gaya mini akwai wata babbar jijiya da ta ratsa ɗuwawu ta gangara ƙafa, wadda in allura ta same ta yaro na iya rasa ƙarfin ƙafar. Sai bayan na bar sana'ar na ji. Har yau in na ga saurayi yana jan ƙafa a Sabon Gari, sai na tsinci kaina ina ƙiyasta shekarunsa.

Ja da yalon nan guda da nake jefawa don ado ma ba ƙaramin laifi ba ne. Gajiyar lebura ba ta buƙatar maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda yake buƙatarsa kuma guda ɗaya ba ya kashe masa ƙwayar, horar da ita yake yi. Wani babban bincike da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda ƙwayoyin da suka daina jin magani, kuma in an auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne kan gaba.

Amma ba zan ce ku haramta almakashi ba. A takarda ai tuni haramtacce ne, kuma talauci ne ke wasa shi. Mafi yawan magungunan ƙasar nan daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin, wanda ake yi a gida ma sinadarinsa daga can yake. Da naira ta faɗi a 2023, kamfanin magani na GSK ya sanar a watan Agusta cewa zai naɗe tabarmarsa, kamfanin Sanofi ya bi baya, sai kuɗin irin su Augmentin da abin shaƙar masu asma ya ninninka. Shugaba Tinubu ya sa hannu a umarnin cire haraji kan kayan haɗa magani a Yunin 2024, amma mai ɗari biyar har yanzu ɗari biyar gare shi. Tunda yankan ba zai tsaya ba, ku sa kariyar ta bi yankan. Ku da ke ba kamfani rajista kuna da ikon cewa a buga suna da ranar esfaya a bayan kowace ƙwaya a jikin kati, ba a gefe guda ba. Mai shago kuma, a cikin magungunan da aka halatta masa, ya sa kowane iri a 'yar ledarsa, irin wadda asibiti ke bayarwa mai zanen safe da rana da dare, ya rubuta sunan magani da sunan shagonsa. Haɗi kuwa, zuba iri biyar tsirara a leda ɗaya, shi ne abin da za a yi wa shela a hana, a kira shi da sunan da mutane suka san shi, ba da Turancin da sai an fassara ba.

Ku kuma ba mu ido. Jami'anku ba za su taɓa kai yawan shaguna ba, amma masu saye sun ninka shagunan. A ƙofar kowane wuri mai lasisi a kafa allo, launin famasi daban, na kemis daban, da shekarar lasisi da manyan lambobi, da Hausa ƙarara: nan ba a ƙarin ruwa, nan ba a kwantar da marar lafiya. A rubuta da boko a rubuta da ajami, domin a birnin Zazzau akwai dattawa da mata da yawa da boko ke yi wa nauyi amma ajami ba ya ba su wahala. A sa lambar wayar da in an kira mai jin Hausa zai ɗauka. Jerin masu lasisi na kowace gunduma a manna shi a ƙofar mai unguwa. Sarakuna da masu unguwanni sun taka rawa a rigakafin shan inna har aka tabbatar da ƙasar nan ta rabu da ita a 2020, hanyar tana nan, ba sai an share sabuwa ba.

Ta wannan hanya ce ma ya kamata sanarwar janye magani ta riƙa bi. Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙoran yara mai suna My Pikin, wanda aka samu gubar dayetilin gilaikol a cikinsa, ya lalata ƙodar yara ya kashe aƙalla 84 a ƙasar nan, kuma Zariya na cikin garuruwan da aka yi jana'izar. A 2022 Gambiya ta binne yara kusan 70 a kan irin wannan guba. A Afrilun 2024 NAFDAC ta sanar da janye wani zubi na maganin tarin yara bisa irin wannan fargaba. Na ga sanarwar a waya, da Turanci, da lambar zubi. Na tuna mata nawa na taɓa sayar wa maganin tari waɗanda ba su san inda ake duba lambar zubi ba. Irin wannan magana rediyo take so, safe da yamma har mako guda, a Rediyon Tarayya na Kaduna da tashoshin cikin Zariya, a aika wa limamai kafin Juma'a, a tura hoton kwalbar a zaurukan WhatsApp na masu kemis. A rediyon ne kuma za ku gaya wa jama'a cewa lambar da kuke ba maganin gargajiya a matakin farko shaida ce ta an duba ba ya cutarwa, ba shaidar yana warkar da basir da sanyi da rashin ƙarfi duk a kwalba ɗaya ba, domin masu mota da lasifika a bakin kasuwa da sunanku suke rantsuwa, banda batsar da suke zubawa a kunnen yaranmu.

Na ji daɗin tsarin da aka gwada a Kaduna da Legas na raba masu kemis hawa uku, marasa takardar lafiya, da masu takarda irin su nas da ma'aikatan lafiyar al'umma, da waɗanda suka karanci aikin famasi a kwalejin lafiya, kowa da iyakarsa. A faɗaɗa shi. Amma ku tuna abu guda da na sani daga ciki: wanda ke zuwa bita shi ne maigida, ya sha shayi ya karɓi takarda, wanda ke yini a shago kuwa yaro ne. A shekara shida ba a taɓa zaunar da ni ko na awa ɗaya an ce wannan tana taɓa ƙoda, wannan ba a ba mai ciki ba. A yi wa yaran shago rajista, a koyar da su da Hausa, ko da ranar Asabar ce sau ɗaya a wata. Ga ɗaliban famasi nan a Samaru, tafiyar mintuna ce zuwa Sabon Gari.

Gwaggo tana samun sauƙi, Alhamdu lillahi, sai dai yanzu maganin suga ya zame mata na kullum, gwiwar kuma ta dawo. Shagon yaron yana nan a buɗe, shekaranjiya da na wuce bayan isha'i mutum huɗu ne a tsaye. Ƙullin ledarta na ƙarshe yana cikin durowata, saura ƙwaya bakwai, launi huɗu. NAFDAC na da ɗakin gwaji a Kaduna. In kun turo wani, zan miƙa masa, ina so in san sunayensu.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon yaron kemis,
Tudun Wada, Zariya.